Rufin Asiri Ko Toshiyar Baki?



Mu mutane ne masu son labarai. Duk wanda ya ratsa kara ko layin 'yan albasa da sassafe zai ji rediyo na magana a kusan kowace rumfa, yanzu kuma ga waya ta zo ta ƙara. Muryar mai karanta labarai mun san ta kamar ta ɗan'uwa. Abin da ba mu sani ba shi ne ɗakin da muryar take fitowa, da yadda mutanen cikinsa suke zaune da juna. Yau ina so mu leƙa irin wannan ɗaki a wata babbar tashar talabijin ta Amurka, saboda wata tambaya da ta taso a can, wadda duk mai mutane a ƙarƙashinsa zai iya cin karo da ita. Idan wanda ya fi kowa kawo maka kuɗi shi ne yake matsa wa wadda ta fi kowa rauni da neman lalata, maganar kuma ta iso kunnenka, me za ka yi?

A baki amsar ba ta da wuya, kowa zai ce a kore shi mana. To amma waɗanda abin ya faɗo wa a hannu mutane ne masu ilimi, da lauyoyi a gefensu, wasunsu da 'ya'ya mata a gida, kuma suka shafe shekaru ba su kore shi ba. Zaginsu ba zai ƙare mu da komai ba. Abin da zai amfane mu shi ne mu gane irin lissafin da suka yi, don kada wata rana mu wayi gari muna yin irinsa, muna kuma raɗa masa suna mai daɗi.

Sai mun fara gane yadda ɗakin labarai yake. Aikin jarida ba sayar da shinkafa ba ne da za a ƙirga buhu a ce wane ya sayar da goma, wance ta sayar da ashirin. Edita ne ke cewa wannan rahoto ya yi, wancan bai yi ba. Shi ke zaɓar wanda za a tura fadar shugaban ƙasa da wanda za a bari yana amsa waya, shi ke raba aikin dare da na rana. A talabijin kuwa shugaba ne ke yanke wace fuska za ta fito lokacin da kowa yake gida yana kallo, wace kuma za a jefa tsakar rana lokacin da mutane suna wajen nema. Ma'aikata da yawa a kan kwantiragi suke, in ya ƙare ba sai an kore ka ba, shiru kawai za a yi maka. Ga shi manyan sana'ar duk sun san juna. Waya ɗaya daga tsohon oga cewa yarinyar nan fitinanniya ce ta isa ta rufe mata ƙofa goma. Mai irin wannan iko ba sai ya buɗe baki ya yi barazana ba. Ya isa ya kira yarinya ofis, ya tura ƙofa, ya yaba surarta, sannan ya tambaye ta ko tana son ci gaba a gidan nan. Ita ta gane, shi ma ya san ta gane, kuma babu na uku da ya ji.

Tashar da nake magana a kanta ita ce Fox News. Ta fara aiki a watan Oktoba na 1996. Mai ita, attajiri Rupert Murdoch, ya danƙa ta a hannun Roger Ailes, mutumin da ya taɓa yi wa shugabannin Amurka uku aikin kamfen, wato Nixon da Reagan da Bush babba. Zuwa 2002 Ailes ya kai tashar gaban takwarorinta wajen yawan masu kallo, daga baya kuma ribar da take kawowa ta haura dala biliyan ɗaya a shekara. Mutumin da ya gina maka irin wannan gida, ai da ƙyar ka ɗaga masa murya.

Gretchen Carlson ta shiga tashar a 2005, ta yi kusan shekara bakwai tana cikin masu gabatar da shirin safe. Ranar 6 ga Yulin 2016 ta shigar da ƙarar Ailes a kotu. A takardar ƙarar ta ce da ta kai masa kukan wani abokin aiki da ke wulaƙanta ta, sai ya juya laifin kanta, ya ce ta koyi zama da maza. Ta ce a 2013 an cire ta daga shirin safe, an mayar da ita na ƙarfe biyu na rana, an rage mata albashi. Ta ce a 2015 ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa da tun tuni ta ba shi kanta da al'amuranta sun yi kyau, ta ƙi, kuma a Yunin 2016 aka ƙi sabunta mata kwantiragi. Ailes ya musanta, ya ce masu kallon shirinta ne suka yi kaɗan. Abin da bai sani ba, ta fi shekara tana ɗaukar maganganunsa a wayarta.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi a nan. Kwantiraginta na ɗauke da sharaɗin cewa duk rigimar da ta taso tsakaninta da tashar ba za a kai ta kotu ba, sai dai gaban mai sasanci a bayan ƙofa, inda ba ɗan jarida ba ɗan kallo. Shi ya sa lauyoyinta suka yi ƙarar Ailes shi kansa, suka bar tashar. Da maganar ta fito fili, sai uwar kamfanin ta ɗauko lauyoyi daga waje su yi bincike. Cikin 'yan kwanaki mata fiye da ashirin suka ba da labarin abin da suka ce ya yi musu, har da Megyn Kelly, wadda a lokacin tana cikin taurarin tashar. Ranar 21 ga Yuli Ailes ya sauka, da sallamar da aka ruwaito ta kai dala miliyan 40. A Satumba kamfanin ya biya Carlson dala miliyan 20, ya kuma nemi afuwarta a bainar jama'a. Ka ji fa: wanda ake ƙara ya tafi da ninki biyu na abin da mai ƙara ta samu.

A cikin wannan ƙura ne aka gano cewa tun 2011 tashar ta biya wata tsohuwar ma'aikaciya dala miliyan 3.15 a kan zargin Ailes, da sharaɗin ta ja bakinta ta yi shiru. Kuɗi irin wannan ba ya fita da ƙafarsa. Wani ya rubuta takardar, wani ya sa hannu, wani ya shigar a littafi. Ashe shekara biyar kafin duniya ta ji, akwai 'yan gida da suka sani.

Mutum zai ɗauka bayan wannan an koyi darasi. Sai ga maganar Bill O'Reilly, wanda shirinsa na dare ya fi kowane shiri a tashar masu kallo. Ranar 1 ga Afrilun 2017 jaridar New York Times ta bayyana cewa a tsawon shekaru shi da kamfanin sun biya mata biyar kimanin dala miliyan 13 a kan ƙorafe-ƙorafen da suka yi a kansa, ciki har da neman lalata da zagi. Shi ma ya musanta, ya ce shahara ce ke jawo masa masu neman kuɗi, kuma yana biya ne don ya kare 'ya'yansa daga surutu. Jaridar ta kuma kawo ƙiyasin cewa daga 2014 zuwa 2016 shirinsa ya kawo dala miliyan 446 na talla.

Ɗan kasuwa ba sai an yi masa bayanin wannan lissafi ba. Sha uku a cikin ɗari huɗu da arba'in da shida bai kai naira uku a kowace ɗari ba. Wanda yake ɗauko tumatir daga Kano zuwa kudu ya san asarar hanya ta fi haka, kuma ba ta hana shi lodi gobe. To haka aka mayar da mutuncin matan nan, ya zama wani layi a shafin kashe-kashe, kamar kuɗin mai da na sauke kaya. Daga baya an gano cewa a Janairun 2017 O'Reilly ya sake biyan wata mata dala miliyan 32 daga aljihunsa, kuma a Fabrairu, wata guda kacal bayan haka, kamfanin ya sabunta masa kwantiragi na shekara huɗu a kan dala miliyan 25 duk shekara. Kamfanin ya ce ya san an yi sasancin, adadin ne bai sani ba. Ranar 19 ga Afrilu aka sallame shi, kwana 18 bayan rahoton jaridar. Me ya canza a kwana 18? Shugabannin ba su ji wani abu da ya fi wanda suka sani nauyi ba. Kamfanoni fiye da 50 ne suka janye tallarsu daga shirin, irin su Mercedes-Benz da Hyundai. Lissafin da ya riƙe shi shi ne ya sake shi.

Ban da biyan kuɗi, akwai wasu hanyoyi da shugabanni ke bi su kauce wa nauyin, kuma duk mun san su. Ta farko ita ce a ce halinsa ne. A Nuwamban 2017 jaridar Washington Post ta kawo labarin mata takwas da suka zargi Charlie Rose, wani dattijon ɗan jarida da ake girmamawa a Amurka. Ɗaya daga cikinsu ta ce da ta kai kuka wajen matar da ke shugabantar shirin, amsar da ta samu ita ce haka yake, kowa ya san shi. Shugabar daga baya ta fito ta ce ta gaza, ya kamata a ce ta tsaya wa 'yan matan. Duba da kyau, cewa halinsa ne ba musanta laifin ba ne, amincewa ce da cewa ya saba yi. Sai dai an ɗauke nauyin gyara daga kan mai halin an ɗora wa wadda ake yi wa, wai ta koyi kaucewa.

Ta biyu ita ce a ce ba wadda ta kawo ƙara. Lokacin maganar O'Reilly kamfanin ya ce yana da layin waya na kai ƙorafi, kuma ba ma'aikaciyar da ta taɓa kira a kansa. Yo wa zai kira? Mace ta ga wadda ta yi magana an mayar da ita shirin da ba kowa, ta ga wadda ta matsa an sallame ta, ta san mai ɗaukar ƙarar a ƙarƙashin wanda ake ƙara yake cin abinci. Ba a ba kura ajiyar nama. Shugaban da ya ga 'yan mata na barin sashe guda ɗaya bayan ɗaya, ya ga manyan mata na jan sabuwar yarinya gefe suna ce mata kada ki yarda ki shiga ofishin wane ke kaɗai, sannan ya ce shi bai ji komai ba, ya zaɓi kada ya ji ne. Kukan kurciya jawabi ne.

Abin mamakin shi ne a gidan jarida ake wannan, gidan da sana'arsa tona asirin minista da gwamna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma gaskiya ɗaya ce, 'yan jarida ne kuma suka tono maganar, wasu sun yi wata da watanni suna bin takardun kotu da ƙwanƙwasa ƙofofi. Sana'ar ba ta lalace ba, wasu masu riƙe da ita ne suka ci amana.

Yanzu mu zo inda maganar ta shafe mu. Mu mutane ne masu girmama rufin asiri. Har a addu'a shi muke roƙo, kuma wanda ke yawo da aibin mutane a baki ba ma ganinsa da daraja. Don haka wani zai ce, to mene ne laifin manajan da ya kashe wutar a cikin gida? An ba matar kuɗi, sunanta bai shiga jarida ba, shi ma iyalinsa ba su ji kunya ba. Ashe ba sulhu ke nan ba?

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a ture ta ba. Akwai matan da su da kansu ba sa son a ji, saboda sun san yadda duniya take, mai laifi zai ci gaba da yawonsa, ita kuwa sunan zai bi ta har ɗakin aure. Mace irin wannan in ta ce a ɓoye sunanta, haƙƙinta ne. In an biya ta diyyar aikin da ta rasa, ba roƙo ta yi ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ta sayar da mutuncinta.

Inda hanya ta rabu shi ne abin da ya biyo bayan biyan. Ka ɗauka akwai rijiya marar murfi a tsakar gidanka. Baƙo ya faɗa ya karye. Ka kai shi wajen mai ɗori, ka biya, ka roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Har nan ba laifi. Sai kuma ka dawo, maimakon ka yi wa rijiyar murfi, ka shimfiɗa tabarma a bakinta, ka ci gaba da gayyatar baƙi. Wanda ya faɗa na biyu, wa ya jefa shi? Rufin asiri na mutumin da ya yi kuskure ne tsakaninsa da Ubangijinsa, ya yi nadama, ya bari. Wanda har yanzu yake kan kujera, da mabuɗin ofis a hannunsa, da sababbin 'yan mata da ake turo masa duk shekara, shirun da aka saya masa sunansa toshiyar baki. Yarinyar da aka ɗauka aiki bayan an biya ta farko ba ta cikin ɗakin da aka yi sulhun, ba a tambaye ta ba, ba ta karɓi ko sisi ba, amma ita za ta biya sauran bashin. Shugaban da ya sa hannu ya san da zuwanta ko da bai san sunanta ba. Daga wannan rana ya tashi daga mai gidan da aka yi ɓarna a gidansa bai sani ba, ya koma abokin tarayya.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. In ƙarya ce fa? Ana yi wa mutum sharri, kuma ƙazafi na iya rusa abin da ya gina shekara talatin cikin yini guda. Ailes ya mutu a Mayun 2017 yana musantawa, O'Reilly ma bai taɓa amsa laifi ba, kuma ba alƙalin da ya saurari shaidu ya yanke musu hukunci a kan waɗannan zarge-zarge. To amma me ya hana a kai ga alƙali? Sasancin ɓoye ne ya hana. Tsarin da ke sayen shiru bai damu da wa ke da gaskiya ba, farashi kawai yake tambaya. Mai laifi yana samun mafaka a cikinsa, marar laifi kuwa yana rasa damar wanke kansa, domin ranar da takardar ta fito kowa zai ce in bai yi ba me ya sa ya biya. Wanda yake tsoron ƙazafi da gaske, shi ya fi kowa bukatar a yi bincike.

Wani kuma zai ce ai sai da shaidu huɗu. Wannan sharaɗi na wanda ya tuhumi wani da zina ne a gaban alƙali. Matar da ta ce oga yana taɓa ni, yana turo min saƙon batsa, ya ce in ban zo masaukinsa ba in nemi wani aikin, ƙarar zalunci ta kawo. Malamai irin su Imam Nawawi sun ware kai kukan zalunci wajen mai ikon gyarawa daga cikin giba. Manaja kuma ba haddi aka ce ya tsayar ba. Abin da ke gabansa shi ne ko zai ci gaba da ba wannan mutum iko a kan mata. Ai ko kai, yaron shagon da mutum biyar da ba su san juna ba suka ce yana tauye mudu, ba ka jiran ka kama shi da idonka kafin ka ɗauke shi daga kan awo.

Akwai karin maganar da ake saurin jawowa a irin wannan wuri, wai in ɓera da sata daddawa ma da wari. Me ya kai ta, wace shiga ta yi, me ya sa ba ta zauna a gida ba. Kamun kai wajibi ne a kan mace da namiji, wannan ba gardama. Amma ɓera ba shi da hankali, ba a kuma ba shi amanar daddawa ba. Oga mutum ne baligi da aka ba shi albashi da ofis don ya kula da na ƙasa da shi. Kuma abin da ya tura yawancin mata wurin aiki mun san shi, kuɗin haya ne da na makaranta da na maganin tsoho. Mai amfani da wannan bukata ya nemi abin da ba nasa ba, daidai yake da mai ba da bashin hatsi lokacin yunwa ya ce a kawo masa 'yar gidan.

To me shugaba na ƙwarai zai yi ranar da aka ƙwanƙwasa masa ƙofa? Ya saurara har ta gama, ya rubuta, kada tambayarsa ta farko ta zama kin tabbata. Ya raba su nan take, amma kada a ce ita ce za ta rasa shirinta ko albashinta don ta yi magana. Ya ba da binciken ga wanda ba ya cin abinci a hannun wanda ake ƙara. A kira mutumin a faɗa masa abin da aka ce, a ji nasa, a duba saƙonnin waya da jadawalin aiki. A nemi waɗanda suka bar wurin a baya a tambaye su dalili, domin sau da yawa amsar tana wajensu. A ɓoye sunanta daga 'yan gulma. In ta tabbata, hukuncin da za a yi wa masinja shi za a yi wa tauraro, kuma kada a rubuta masa takardar yabo ya tafi wani gidan ya ci gaba. In ba ta tabbata ba, a faɗa a fili a wanke shi. Bayan an gama a ci gaba da sa ido wata da watanni, saboda ramuwar gayya a hankali take zuwa. Duk wannan zai ci kuɗi, wataƙila ya tafi da mai kawo riba. Nan ne ake sanin ko amana ce a zuciyar shugaba ko lissafi.

Dokoki sun ɗan motsa. Carlson ta shafe shekaru tana bin 'yan majalisa, kuma ranar 3 ga Maris 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta hana tilasta wa ma'aikaci zuwa sasancin ɓoye a kan irin wannan ƙara. A nan gida, dokar laifuka ta Jihar Legas ta tanadi ɗaurin shekara uku ga mai matsa wa wani da neman lalata, kotun ma'aikata ta ƙasa tana da hurumin sauraron irin wannan ƙara, kuma a 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan cin zarafi a wurin aiki. Yana da kyau mu san da su. Amma doka sai an kai mata ƙara take aiki, kuma kafin mace guda ta kai kotu sai ta wuce ta gaban manaja, da abokan aiki, da iyayenta.

Nan ne namu ya shigo. Ba mu da tashar talabijin, amma muna da shaguna da rumbuna da gidajen abinci da makarantu, muna da 'yan mata masu riƙe mana lissafi da masu kawo abinci kasuwa, muna da ƙananan yara da iyayensu suka turo daga gida suka ce ga amana. 'Ya'yanmu mata kuma wasu sun gama karatu suna aiki a asibiti, a banki, har da gidajen rediyo. Kowannenmu yana da nasa tauraron: yaron da ya san kwastoma, dillalin da ya san hanya, ɗan'uwan da ba a iya yi wa faɗa. Kuma mu da muke zaune a garin da ba namu ba muna da wani uzuri da ya yi kama da na kamfanin can ƙwarai, wato kada a ji mu a waje, kada a ce Hausawa kaza. Tsoron ba na banza ba ne, mun san yadda laifin mutum guda ke zama na unguwa duka. Sai dai su ma sunan gida suka ce suna karewa, kuma da abin ya fashe sunan gidan ne ya fi komai ɓaci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba lallai a kai magana titi ba, amma lallai ne wanda ya yi a ɗauke hannunsa daga kan 'ya'yan mutane.

Iyaye kuma, in 'yarku ta dawo ta ce ita ba za ta koma wurin aikin nan ba, ta kasa faɗin dalili, kada a fara da ragguwa ce. Uwa ta ja ta ɗaki ta tambaye ta a hankali. In ta faɗa, kada kalmar farko ta zama me kika yi masa. Yadda aka karɓi maganarta a wannan dare shi zai nuna wa ƙannenta ko gidan nan wurin kai kuka ne.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman halaliyarsu. Sai wata Juma'ar in Allah Ya kai mu.